As biyu a hannuna, aka ce mu raba

Sani: Jama'a ku tsaya ku ji, abin nan ya tsaya mini a rai. Jiya muna buga wasan kartar nan Texas Hold'em da kwabban roba, aka raba mini As biyu, katin da ya fi kowane girma. Na ƙara zubi, kowa ya ajiye, sai mutum ɗaya ya bi ni da 2 da 3. A tsakiya aka buɗe 5, 6, 7, sannan 8, sannan 9, alamu a gauraye. Wai sai mai raba karta ya ce mu raba abin da aka tara biyu. As biyu su zo daidai da 2 da 3? Wannan cuta ce. Wasan nan sa'a ce zalla.

Yaya Habu: Ƙanena, ba wanda ya cuce ka. Kati biyu ne naka a ɓoye, biyar na tsakiya na kowa ne, a cikin bakwai ɗin ake zaɓar biyar mafi ƙarfi. Jerin 5 zuwa 9 ya fi As biyu, kuma ku duka kuna da shi. Da ɗayanku na riƙe da 10, da shi ya kwashe.

Ɗanladi: Ni dai a sanina dole ka yi amfani da biyun da ke hannunka. Sani na da gaskiya.

Yaya Habu: Wancan wani wasan ne daban, Omaha, Ɗanladi, inda ake ba ka huɗu ka ɗauki biyu dole. A nan kana iya amfani da biyu, ko ɗaya, ko babu ko ɗaya.

Bilki: Ku bar maganar rabo. "Sa'a zalla" ɗin nan ce ta ɓata mini rai. Sau huɗu ake zagayen zubi: kafin a buɗe komai, bayan ukun farko, bayan na huɗu, bayan na biyar. Kowane zagaye sai ka zaɓa, ka bi, ka ƙara, ko ka ajiye. Wanda ke bakin magana na ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi kafin ya motsa. Ina sa'a a nan?

Ɗanladi: Anti Bilki, ke kike zaɓa wa kanki katin da za a ba ki?

Bilki: Ba ni nake zaɓa ba, amma ni nake sanin lokacin ajiyewa. Stu Ungar ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1980, da 1981, da 1997. Sa'a ce take ta bin mutum ɗaya har sau uku?

Ɗanladi: To Doyle Brunson fa? Ya ci a 1976 da 1977, kuma duka biyun da 10 da 2 ya rufe wasan. Wa zai ce 10 da 2 kati ne na kirki? Sa'a, ƙanwar rabo.

Bilki: Hannun ƙarshe kawai ka gani. Wa ya kai shi teburin ƙarshen?

Malam Isa: Ku kira abin da sunansa mana. Duk inda sa'a ta haɗu da zubi, caca ce. Tun kafin a ga kati ma mutum biyu na hagun mai rabawa sai sun yi zubin dole, ƙarami da babba.

Sani: Malam, na faɗa tun farko, kwabban roba ne, ko sisi ba a saka ba.

Malam Isa: Da roba ake farawa, ɗana.

Yaya Habu: Malam, da girmanka, ba a nemi fatawa ba. Yaron nan ƙa'ida ya tambaya.

Ɗanladi: Dama kai Habu kullum bayan mai raba karta kake, don abokinka ne. Ranar da ya ce alama ɗaya ta fi jeri ma shiru ka yi.

Yaya Habu: Ai ta fi shi ɗin! A karta 52, hanyar haɗa biyar masu alama ɗaya 5,108 ce, ta jeri kuwa 10,200. Wanda ya fi wuyar samu shi ne a sama. Uku masu lamba ɗaya haɗe da wasu biyu masu lamba ɗaya kuma sun fi su duka.

Ɗanladi: Lissafinka ne, ni ban ƙirga ba.

Bilki: Ka ƙirga mana, wa ya riƙe ka?

Sani: Har yanzu ba wanda ya ce mini komai a kan As ɗina.

Hajiya Rabi: To ya isa haka, bari in tattara. An tabbatar rabon da aka yi daidai ne, Habu ya yi bayani tiryan-tiryan. An kuma nuna cewa wasan na masu ƙwaƙwalwa ne, Bilki ta kawo hujja har da shekaru, kuma ni ban ga wanda ya iya karya ta ba. Ɗanladi bai zo da komai ba sai musu da rikita ƙa'idar wani wasan. Maganar Malam ta wani zama ce daban. Sani, ka je ka koyi jerin ƙarfin hannu kafin ka sake zama a tebur.

Ɗanladi: Hajiya, ni ma na kawo shekaru, 1976 da 1977. Don Bilki ƙanwarki ce shi ya sa kika tsallake su.