Musayar Waƙa: Mai Gida, Mai Mulki, da Wanda Ke Bisansu

Dattijo Na-Wusasa:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ga baitoci a kan 1 Timoti 3:4-5. Duk mai amsawa ya amsa da waƙa, babba ko yaro, namiji ko mace.

Da sunan Uba nake buɗewa,
Da Ɗansa Yesu mai fansar kowa,
Da Ruhu Mai Tsarki mai koyarwa,
Ku ba ni kunne, yara da dattawa,
Zancen ƙasa tushensa na cikin gida.

Tun ba a naɗa sarki a duniya ba,
Ba hakimi, ba a kafa majalisa ba,
Ba a buga kuɗi, ba a yanka haraji ba,
Allah ya ɗaura aure, bai jira su ba,
A gonar Aidan ya fara kafa gida.

Ya ba namiji nauyi, ya ɗora masa,
Ci da sha da sutura suna wuyansa,
Tarbiyyar 'ya'ya tana hannunsa,
Da aka faɗi, Adamu aka kira da sunansa,
Shi aka fara tambaya, shi ne mai gida.

Tun 1932 muna da Littafi da Hausa,
Kakanninmu sun karanta shi a Wusasa,
Ba mai cewa bai ji ba a wannan ƙasa,
Kowa ya buɗe nasa ya duba da kansa,
Ya ga abin da aka ɗora wa mai gida.

Bulus ya rubuta wa Timoti sarai,
In mutum ya kasa riƙe iyali daidai,
Kada a ɗora masa ikilisiya a kai.
Ni na ƙara da kujerar gwamna, ku ji dai:
Mai neman ƙuri'a, mu fara leƙa masa gida.

Eli ya shekara 40 yana wa Isra'ila shari'a,
'Ya'yansa biyu suna wawure naman hadaya,
Ya yi faɗan baki, ya bar su a kan hanya,
Aka ƙwace akwatin alkawari a rana ɗaya,
Ƙasa ta sha kashi don sakacin mai gida.

Uwar Zumunta:

Baba, sannu da ƙoƙari, mun karɓa,
Ba ma musun aya in an karanta.

Afisawa 5 ta ce mu yi biyayya,
Muna yi, ba ma jin kunyar faɗinta.

Amma maza sukan tsaya a aya ta 22,
Ta 25 kuwa sai su tsallake ta.

Can aka ce miji ya ƙaunaci matarsa
Kamar Almasihu da ikilisiya, har ya mutu dominta.

Shugaban da muka sani tawul ya ɗaura,
Ya wanke ƙafafu masu ƙura da ƙazanta.

To ina mai gidan da ya sayar da dawa
Tun tana gona, ba a kai ga girbinta?

Ya kai kuɗin gidan burkutu ya zube,
Ran kasuwa, ya bar mace da yunwarta.

Ita ce noma, ita ce itace da niƙa,
Kuɗin makaranta daga bakin zanenta.

Ya dawo da dare yana ihu shi ne kai,
A gaban yara ya ɗaga hannu ya mare ta.

Baba, ku dattawa kukan ce ta yi haƙuri,
Shi ba kwa kiransa, ita kaɗai ake gargaɗinta.

Abigel ta tari Dawuda ba da sanin Nabal ba,
Da ta jira shi, da takobi ya shafe gidanta.

Ba kujerarku muke nema ba, ku riƙe,
Mu dai a hau ta da tsoron wanda ya kafa ta.

Dattijo Na-Wusasa:

Mama, wanda ba ya girmama matar aurensa,
Bitrus ya ce za a tare addu'arsa,
Wanda ya ƙi ciyar da iyalinsa
Ya fi marar bi muni, ya musunci bangaskiyarsa,
Dattawa su sa shi a horo har ya gyara gida.

Babba juji ne, kowa ya zo ya zuba,
Shi ke kwana da yunwa, yara ba su sani ba,
Shi ke fara tuba in zama bai daidaita ba,
Shi ke ta da iyali addu'a tun gari bai waye ba,
Wanda ya ƙi wannan, baƙo ne a cikin gida.

Matashi daga Jos:

Baba, Mama, na durƙusa na gaishe ku,
Ku yi haƙuri ɗanku ya sa baki.

Kun ce namiji ya ciyar, na yarda,
To da me, in ya nema bai sami aiki?

Na gama digiri, na yi bautar ƙasa,
Takarda na kwance a akwati a ɗaki.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai,
Mudun masara ya tashi, haka buhun taki.

Na je neman aure, aka miƙo mini takarda:
Sadaki, akwatuna, awaki, abincin biki.

Masu rubuta ta dattawan coci ne,
In mun daɗe ba aure kuma su yi mamaki.

Sa'an nan Romawa 13, Baba, ta dame ni,
An ce daga Allah ne kowane mai mulki.

An ce takobinsa na hukunta mugu ne,
Mu a Filato mun duba gabas, mun duba yamma, babu ko ƙyalli ko haski.

Kirsimetin 2023, Bokkos da Barikin Ladi,
Maimakon waƙa, kabari aka haƙa da makoki.

'Yan matan Chibok 276 aka kwashe a 2014,
Wasu iyayen sun mutu da ciwon a ciki.

To Baba, in yi wa wane biyayya?
Wanda ya karɓi haraji ya bar ni hannun mai farmaki?

Malam Mai Bishara:

Ɗana, ban raina hawayenka ba,
Ban ce maka gwamnati ta kyauta ba,
Amma Bulus bai rubuta a zamanin daɗi ba,
Nero ke kan gadon Roma, mai baƙar zuciya.

A ƙarƙashinsa ya ce a biya haraji,
A yi wa sarakuna addu'a, Allah na ji,
Don in ba hukuma, gari ya koma daji,
Mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi ba kunya.

Ayar ta kira mai mulki bawa, ka lura,
An ba shi kujera don ya tsare, ya gyara,
In ya yi barci jini na zuba, za a kai ƙara
Gaban Alƙalin da ba a saye shi da dukiya.

Natan ya ce wa Dawuda, mutumin kai ne,
Iliya ya tare Ahab, jinin Nabot a kansa ne,
Yahaya ya ce wa Hirudus auren nan haram ne,
Aka sare masa kai a kan wannan gaskiya.

Ungozomomi a Masar, Shifra da Fuwa,
Fir'auna ya ce su kashe, suka ƙi kashewa,
Bitrus a gaban majalisa ya yi tsayuwa:
Allah ne farko in an zo batun biyayya.

Ga iyakar nan, ɗana, ka riƙe ta,
Dokar da ba ta sa ka zunubi ba, ka bi ta,
Wadda ta ce ka musunci Yesu, ka ƙi ta,
Ka ɗauki hukuncin, ka bar wuƙar ramuwar gayya.

Gwauruwa daga Michika:

Salama dai, iyaye da 'yan'uwa,
Ku ba ni wuri in faɗi abin da ke raina.

Kuna ta zancen mai gida da nauyinsa,
Ni 2014 ta tafi da mijina.

Da aka shigo Michika muka hau dutse,
Goyo a baya, biyu riƙe da zanena.

Muka zauna a sansani a Yola,
Muka dawo, toka muka tarar a gidana.

Yanzu ni ke noma, ni ke tsawatarwa,
Ni ke buɗe Littafi da asuba ga 'ya'yana.

Dangin miji ba su jira hawaye ya bushe ba,
Suka auna gona, suka ce ba ta cikin rabona.

Su ma masu zuwa sujada ne, Baba,
Muna cin Jibin Ubangiji tare, suna kallona.

Ban ce tsarin Allah ya canza ba,
Da yana raye, da shi ne shugabana.

Amma Yaƙub ya ce addini na gaskiya
Shi ne a kula da maraya da irina.

Autana murya ta fara kauri,
Wa zai koya masa zama miji? Shi ne kukana.

Uwar Zumunta:

'Yar'uwa, share hawaye, muna tare,
Zumuntar Mata ba ta yar da 'yarta.

Timoti a hannun Loyis da Afiniki ya tashi,
Kaka da uwa, kowacce da bangaskiyarta.

Leah Sharibu, da aka kwashe su a Dapchi
A 2018, aka saki sauran aka riƙe ta,

Don an ce ta bar Yesu ta ce a'a,
Yarinya ƙarama, ba soja a bayanta.

Ba gwamna ne ya koya mata wannan ba,
A gida ta sha shi, wurin uwa da ubanta.

Ku masu miƙa wa yaro waya ku huta,
Ita za ta rene shi da irin koyarwarta.

Malami zai koya masa lissafi da Turanci,
Addu'a kuwa a gwiwar uwa ake koyonta.

Dattijo Na-Wusasa:

'Yata, abin da aka yi miki haram ne,
Mai cin gonar maraya ɓarawo ne,
Ko shi ke ƙirga baiko, ko dattijo ne,
Zabura 68 ta ce Allah uban marayu ne,
Mai kare gwauraye daga tsattsarkan gida.

'Ya'yan Zelofehad, mata biyar, suka tsaya,
Gaban Musa suka nemi gado ba tsoro ba kunya,
Ubangiji ya ce sun faɗi gaskiya.
Al'adar da ke korar gwauruwa, ƙarya,
Ba ma bin ta, ko kakanni ne suka bar ta a gida.

Ki kai maganar gaban fasto da dattawa,
In dangi sun ƙi ji, akwai hukuma mai hukuntawa,
Don irin wannan aka ba ta takobin riƙewa.
Autanki nauyin Zumuntar Maza ne, kowa da kowa,
Su tafi da shi gona, su zaunar da shi a gida.

Kai kuma ɗana, doguwar takardar nan,
Ba daga Littafi aka kwafo ta ba, ka san wannan,
Uban da ya tsawwala wa saurayi a zamanin nan
Shi ke tura 'yarsa zaman da ba aure, ga shi nan,
Ya rage, ya sa albarka, a kafa sabon gida.

Matashi daga Jos:

Malam, na karɓi iyakar da ka shata,
Ramuwa ta Ubangiji ce, na bar wa Sarki.

Amma akwai abin da ke hannunmu,
Nero ba da ƙuri'a ya hau ba, mu muke zaɓen mai mulki.

Ran zaɓe na ga iyayenmu a layi,
An raba atamfa da taliya, an toshe baki.

Mai gida ya sayar da shekara 4 ta 'ya'yansa,
Ga Isuwa nan, ya ba da gado don cika ciki.

Ɗan takara ya zo coci da kuɗin rufin kwano,
Aka ba shi mumbari, aka yi masa tafi da biki.

In baki ya ci, ido kan ji kunya,
Wa zai zama Natan a gaban wannan sarki?

Malam Mai Bishara:

Ka taɓa inda ke mana ciwo, ɗana,
Mumbari ba na haya ba ne, ko an gina mana,
Ɗan takara ya zauna a benci kamar kowa, a ganina,
Ya ji wa'azi ya tafi, kuɗinsa su bi shi hanya.

Yetro ya faɗa wa Musa irin wanda za a naɗa:
Mai iyawa, mai tsoron Allah, wanda aka yarda,
Mai ƙin cin hanci ko an kai masa har fada.
Bai ce ɗan garinku ba, ko mai yawan dukiya.

Sunan baftisma a fosta ba ya isa,
Mun ga masu sunan manzanni sun ci kuɗin ƙasa,
Ka tambayi matarsa, ka tambayi ma'aikatansa,
Ko yana biyan hakki, ko yana faɗin gaskiya.

Irmiya ya rubuta wa bayi a Babila,
Ku gina, ku shuka, ku yi aure duk da wahala,
Ku nemi lafiyar birnin nan, ku kula.
Maƙwabcinka Musulmi na ciki, ka roƙa masa lafiya.

Gwauruwa daga Michika:

Baba, na ji. Lahadi bayan sujada
Zan tsaya gaban dattawa da shaidun gonar mijina.

Mama, ki sa baki Zumuntarmu ta raka ni,
In na je ni kaɗai, haƙuri za a ba ni in koma ɗakina.

Damina ta kusa, ban san inda zan shuka ba,
Ku sa ranar a addu'a, da ni da 'ya'yana.