Neman kalma: me za mu kira "metadata" na fayil ɗin waƙa?

Jama'a, salamu alaikum. Ina haɗa ɗan jagora da Hausa don masu tura waƙoƙi a memori nan Garwa, kan yadda ake shirya dubban fayiloli ta layin umarni, wato a rubuta wa kwamfuta abin da ake so ta yi maimakon danne-danne. Kalma ɗaya ta hana ni ci gaba: metadata, wadda mu a Kamaru da Cadi muka fi jin ta da Faransanci, métadonnées. Ga inda na tsaya, ga kuma amsoshin da kuka aiko.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Fayil ɗin MP3 ba sauti kaɗai ke cikinsa ba. Akwai ɗan wuri da aka keɓe don sunan waƙa, mawaƙi, albam da shekara. Tsarin farko, ID3v1 na 1996, bayit 128 ne kacal (kowane bayit wurin harafi ɗaya) a ƙarshen fayil: sunan waƙa bayit 30, mawaƙi 30, albam 30, shekara 4. Nau'in kiɗa kuwa lamba ɗaya ce da ake zaɓa daga jerin guda 80, babu kalangu, babu kukuma, babu garaya. A 1998 aka fito da ID3v2, aka kai bayanan zuwa farkon fayil, aka buɗe musu wuri. Su ne wayarka ke karantawa ta nuna maka sunan mawaƙi. Idan babu su, sai ka ga "Artiste inconnu", wato mawaƙin da ba a sani ba, ya cika allo daga sama har ƙasa.

Shawara ta farko da ta zo ita ce "bayanan bayanai". Malam, na gode, kuma na san daga ma'anar asali ka ɗauko ta. Amma a gwada faɗa wa yaron shago "gyara bayanan bayanan waƙar nan". Harshe ya sarƙe kafin a kai ƙarshe, shi kuma bai san abin da zai taɓa ba. Wannan ba za ta rayu a bakin mutane ba.

Wani yayanmu daga Marwa ya ce "laƙabi". Yaya, laƙabi suna ne da ake ɗora wa mutum bayan na yanka, ba ya ɗaukar shekara ko lambar waƙa a albam. "Take" ma haka, gurbi ɗaya kawai ya cike. Wani malami ya kawo "isnadi", kuma na ga hikimar, tunda ana maganar wane ya rera, wane ya rubuta. Sai dai, Allah gafarta Malam, kalmar tana da gidanta a ilimin hadisi, ba na son a ja ta zuwa teburin masu tura waƙa.

Ni abin da nake gani shi ne "shaida".

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasar Marwa zuwa Yawunde ko Duwala ya san ta. Kafin buhu ya hau mota, ana ɗaukar fenti ko alƙalami mai kauri a rubuta a jikinsa harufan sunan mai kaya da garin da za a sauke. Me muke cewa? An yi wa buhu shaida. Shaidar ba albasa ba ce, ba ta ƙara wa buhu nauyi, amma tana tafiya da shi duk inda ya je, kuma in ta goge, rigima ce a wurin sauke kaya. Shi kuma mai lodi yana da littafinsa da ya rubuta buhu nawa na wane, littafin nan yana nan tasha, ba ya bin mota.

Dalilin da ya sa na nace a kanta ke nan: tana raba abubuwa biyu da masu koyo ke yawan cakuɗawa. Akwai abin da ke rubuce a jikin fayil, akwai kuma abin da ke cikin rumbun bayanai, wanda yake kamar littafin mai lodi. Manhajar da nake koyarwa, beets, ta shirya fayilolin waƙa ce, da harshen kwamfuta na Python aka rubuta ta, kuma tana ajiye rumbunta a fayil guda na SQLite, wani tsarin rumbun bayanai. Kana buga beet import, sai ta karanta shaidar kowace waƙa ta shigar a rumbu. Kana buga beet ls, rumbun take dubawa, ba fayilolin ba, shi ya sa amsa ke fitowa nan take. Idan wata manhaja ta canja abin da ke jikin fayil, beet update ne ke sanar da rumbu. Idan rumbun ne ke da gyararren bayani, beet write ne ke mayar da shi jikin fayil. A Hausa sai in ce: beet update yana ɗauko shaida zuwa rumbu, beet write yana buga shaida a jikin waƙa. Wanda bai taɓa ganin layin umarni ba ma zai bi zancen.

Kuma kalmar tana karɓar aikatau ba tare da an matsa mata ba. A sa shaida, a gyara shaida, a goge shaida, waƙa marar shaida, shaidar ta lalace.

Wannan na ƙarshe ciwonmu ne na musamman. Tsohuwar hanyar ajiye harufa ta ISO-8859-1 ta san é da ç na Faransanci, ba ta san ƙ, ɗ da ɓ ba. In aka ajiye "ƙauna" ta wannan hanya, alamar tambaya za ka tarar a gurbin ƙ. ID3v2.3 na 1999 yana ɗaukar harufanmu ta wata hanyar ajiye harufa, UTF-16, ID3v2.4 na 2000 kuma ya ƙara wata, UTF-8. Beets da ID3v2.4 take rubutu in ba ka ce mata komai ba, amma akwai tsofaffin rediyon mota da ƙananan wayoyi da suka fi gane 2.3, don haka akwai saitin id3v23 da ake kunnawa. Mai tura wa direbobi waƙa ya kamata ya san wannan tun ranar farko.

Ga kuma na rubutun boko biyu da muke rayuwa a tsakaninsu. Fayil ya zo daga Kano da "Musa", na Garwa ya zo da "Moussa", wani ya rubuta Ɗan a haɗe da suna, wani a rabe, wani da D marar lanƙwasa. Mawaƙi ɗaya ya zama mutum huɗu a waya. Da beet modify ake haɗe su, kuma tana nuna maka abin da za ta canja ta jira ka amince. Kada a dogara da MusicBrainz, rumbun intanet da beets ke tambaya, domin waƙoƙin biki da na majalisi da ke yawo a memorinmu ba kasafai ake samunsu can ba. Ga irinsu beet import -A ake bugawa, a shigar da su yadda suke, sannan a zauna a sa musu shaida da hannu. Aiki ne mai cin rai, amma in ba mu rubuta sunan makaɗin ba yau, jikokinmu sauti kawai za su gada.

Hajiya daga Njamena ta kawo ƙorafi mai ƙarfi: shaida ai ta kotu ce, kuma akwai takardar shaida. Gaskiya ne, Hajiya. Amma mai buhu da alƙali sun daɗe suna amfani da kalmar ba wanda ya ruɗe, abin da ke kusa da ita ke fayyace ta. "Shaidar waƙa" ba za ta kai hankalin kowa kotu ba.

Ƙorafin ƙanenmu na Ngaundere ne ya sa na gyara matsayi. Ya ce tsawon waƙa da ingancin sautinta ma metadata ne, alhali ba mutum ya rubuta su ba, manhaja ce ke auno su daga sautin. Haka ne, ƙanena. To bari mu raba: abin da ake rubutawa a jikin fayil, wanda Bature ke kira tag, Bafaranshe étiquette, shi ne shaida. Dukkan abin da aka sani game da fayil ɗin, rubutacce da aunanne, shi ne bayanan shaida. Inda ake tara su, rumbun bayanai, wannan an riga an saba da ita.

Haka zan sa a jagorar: shaida, bayanan shaida, rumbun bayanai, layin umarni. Albam kuwa zan bar ta albam, tunda kowa ya san ta. Saura gurbin nau'in kiɗa, inda nake jiran masu shago su aiko mini da sunayen da masu saye ke kira da bakinsu idan sun miƙo memori.