Mitin ɗin Zoom na neman ƙarar da ni, ku ya kuke yi?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu aikin da ake yawan mitin ta bidiyo ku ba ni shawara. Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Kaduna, shugabanninmu na Abuja, masu ba mu kuɗi kuma suna Amurka, to kusan komai ta Zoom ko Teams ake yi. Wata rana in na zauna tun safe ba tashi sai azahar, ana gama wannan ana shiga wancan ko ruwa ba na samun sha, sannan na Amurka su farka su ma su sa nasu, ƙarfe 9 na safen Washington nan ƙarfe 2 ne ko 3, sai ka ga an cinye la'asar ana neman magariba. Abin da ke ɗaure min kai a zaune nake ba dako na yi ba, amma ina rufe kwamfutar sai in ji kamar an min dukan tsiya, kai na sarawa ido na yaji, yara su min magana in ji haushi ba gaira ba dalili. Da muna mitin ido da ido a ofis ban san wannan ba. Lalaci ne ko akwai mai jin haka?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Ba lalaci ba ne wallahi, har bincike an yi a kai. Wani farfesa a jami'ar Stanford, Jeremy Bailenson, ya yi rubutu a 2021 ya kawo dalilai huɗu, akwai fuskokin mutane da ke cika miki skirin dab da ke kowa kamar ke yake kallo, akwai zama wuri ɗaya dan kar ki fita daga kyamara, akwai wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen karantar mutum ta ɗan akwati, ke ma kina ta gyaɗa kai da ƙarfi dan a san kina bi. Amma wanda ni ya fi ci na shi ne kallon kaina. A mitin na ofis wa yake ganin fuskarsa? A nan kuwa awa uku kana duba ko hularka ta karkace. Ki danna ɗigo ukun nan da ke kan hotonki a Zoom ki zaɓi Hide Self View, su suna ganinki ke ba kya ganin kanki. Ki kuma rage girman tagar, ba dole sai ta cika skirin ba.

Anti Bilki:
Ƙanwata mu mata namu ya fi, kar ki bari a ce miki raki ne. Namiji ya zura riga ya zauna, ke kuwa sai kin gyara mayafi, kin duba bayanki ko shanya ta fito, kunne ɗaya na mitin ɗaya na tsakar gida ko yaro zai banko ƙofa ba wando. Akwai ma binciken da aka yi a Amurka a 2021 da ya nuna kunna kyamara na ƙara gajiya, kuma ya fi taɓa mata da sababbin ma'aikata. Ni dai in ba ni ke bayani ba, ina gaisawa da kyamara a buɗe minti biyu uku sai in kashe, in sa iyafis in tashi ina zagaya ɗaki ina ji. In an kira sunana in dawo in kunna.

Dan Fagge:
Anti wannan sai in kana da oga mai fahimta fa. Namu kana kashe kyamara zai ce wane kana tare da mu kuwa, shi a wurinsa baƙin akwati na nufin ka tafi kasuwa. Kuma ku ƙara da matsalar netwok ɗinmu, ni ita ta fi gajiyar da ni. Ka yi magana shiru, ka ɗauka ba a ji ba ka maimaita, ashe muryar ce ta makara, sai ku haɗu ku biyu kuna ta bismillah ci gaba, a'a kai ci gaba. Rabin mitin a kan kuna ji na, kuna ji na ake ƙarewa. Ga a ɗauke wuta kana kallon cajin laftof na sauka hankalinka ya rabu biyu. Abin da na gano shi ne in sabis ya yi rauni kashe bidiyon na gyara muryar sosai, data ma ba ta zuba kamar da, to da wannan hujjar nake samu ina kashewa, kuma ba ƙarya na yi ba.

Malam Baba:
Ni ina riƙe da ma'aikata a wurinmu, bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Yawancinmu ba mugunta ba ce, kalanda ce ke ba da awa ɗaya mu kuma mu danna kawai. A Google Calendar da Outlook duk akwai saitin da ke rage tsawon mitin da kansa, na rabin awa ya koma minti 25, na awa ya koma 50. Microsoft sun gwada a 2021, suka sa wa mutane na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, masu jera mitin huɗu ba hutu alamar damuwa ta yi ta taruwa, masu hutun minti 10 a tsakani kuwa ba ta taru ba. Bankin Citigroup ma a 2021 ɗin shugabarsu Jane Fraser ta hana mitin ɗin bidiyo na cikin gida ranar Juma'a. Ɗiyata ki samu ogarki ke da ita, kar ki ce na gaji, ki ce mata rahoton da take jira ba ki da lokacin rubuta shi saboda mitin, ki nuna mata kalandarki ta gani da idonta. Ki toshe lokacin azahar da la'asar a kalandar tun yanzu, turawan nan in sun ga an toshe ba sa sawa a kai, sau da yawa rashin sani ne. Wanda kuma saƙon WhatsApp ko imel zai wadatar, ki tambaya ko dole sai an haɗu.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɓoye hoton nawa a mitin ɗin ɗazu kuma na ji bambanci. Baba maganar oga ce dai nake jin nauyi, amma zan gwada ranar Litinin in sha Allah. Abban Sadiq a Teams ma akwai wurin ɓoyewar ko sai Zoom? Dan na Abuja duk ta can ake yi.