Musayar waƙa: Kwana guda a Hijir

Baƙon Hijir:
Assalamu alaikum. Bayan Umara mun bi ayarin ziyara zuwa Al'ula, aka kai mu Hijir, wato Mada'in Salihu. Ga tsarabata, mai amsa ya amsa.

Daga Madina muka ɗau hanyar arewa,
Bas guda, mu ashirin, rairayi ba ƙarewa.
Jagora ya tarbe mu da fara'a,
Rawi suke kiransa, bakinsa ba gajiyawa.
Ya ce manyan kaburbura 111 ne a nan,
Sassaƙa ce cikin dutse, ba tubalin ginawa.
Kabarin Kasrul Farid na tsaye shi kaɗai a fili,
Daga sama aka faro shi, ƙasa ba a kai ga gamawa.
Sawun ƙarfen masassaƙi na nan a gindinsa,
Kamar ya je shan ruwa ne, yana nan dawowa.

Malamin Zaure:
Sannu da hanya ɗan'uwa, amma ina da tambaya,
Ka shiga da hawaye, ko da waya kana ɗaukawa?
Shekara ta 9 bayan hijira, a hanyar Tabuka,
Manzon Allah (SAW) ya bi ta nan, bai tsaya hutawa.
Ya lulluɓe kansa, ya ƙara wa tafiya sauri,
Ya hana shiga gidajen Samudawa sai da hawaye na kwararowa.
Ƙullun da aka kwaɓa da ruwan rijiyoyinsu,
Raƙuma aka bai wa, ruwan kuma sai zubarwa.

Ɗalibar Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, hadisi abin riƙo ne,
Sai dai rubutun goshin ƙofofin ma na da cewa.
Nabaɗiyawa ne suka sassaƙa, masu Petra ta Jodan,
Fataken lubban, raƙumansu na kai da kawowa.
Ƙarni na farko na miladiyya aka yi mafi yawansu,
Samudawa sun riga su da nisa, sun daɗe da shuɗewa.
Har mata na da nasu, Hinat 'yar Wahbu,
Ta sa an sassaƙa wa kanta da zuriya makwancin binnewa.
Wasu ƙofofin sun ja kunne da tsinuwa da tara,
Ga duk wanda ya sa baƙo ciki, ko ya yi sayarwa.
A 106 Rumawa suka haɗiye mulkinsu,
A 2008 UNESCO ta sa wurin cikin abin adanawa.

Malamin Zaure:
Na ji, 'yata, Allah ya ƙara basira.
Ko wa ya riƙe guduma, kwarin dai ɗaya ne,
Mai shigarsa ya shiga da zuciya mai girgizawa.

Baƙon Hijir:
Malam, gaskiya na ɗauki hoto, ba zan ɓoye ba,
Ruwanmu kuwa na gora ne, daga gari muka yo sayowa.
A Dutsen Isliba akwai lungu tsakanin duwatsu biyu,
Da zauren taro a sassaƙe, inuwa mai sanyayawa.
Nan wani dattijo cikinmu ya jawo Suratul Hijri,
Ya kai kan masu sassaƙar gidaje, muryarsa na rawa.
Rawi ya yi shiru, wayoyi suka koma aljihu,
Direba na ta kira, babu mai motsawa.