Neman kalmar Hausa: me za mu kira Judge Advocate General?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Akwai wani muƙami a rundunar sojan Amurka da suke ce wa Judge Advocate General, shi ne shugaban ɓangaren shari'a na rundunar gaba ɗaya, to ina neman sunan da zai zauna daram a bakin Bahaushe. Muƙamin ya shigo labarai sosai a watan Fabrairun 2025 da gwamnatin Trump ta sauke na sojan ƙasa da na sojan sama, kowa kuma yadda ya ga dama yake fassara shi. Ni dai abin da ya fara zo min shi ne Babban Alƙalin Soja amma raina bai kwanta ba. Masana a taimaka.

Tsohon Kofur:
Wa alaikumussalam. Yaro ai ka riga ka gama aikin, meye kuma na wani rai bai kwanta ba. Duk wanda ya zauna a bariki ya san shari'ar soja ba wasa ba ce, a cire maka bel a cire maka hula a shigo da kai da sassarfa, to wanda ke saman wannan harka in ba alƙali ba wane ne? Ga ma kalmar nan a farkon sunan.

Barista:
Baba Allah ya ƙara girma, amma dai a yi min uzuri a nan. Sunan ne ke yaudarar mutane. Mutumin nan na Amurka ba ya hawa kujera ya saurari shaidu ya yanke hukunci, aikinsa shi ne ba shugabannin runduna shawara kan doka da kuma jagorantar lauyoyin da ke sanye da kaki, su ne masu gabatar da ƙara a kotun soja, cikinsu ne kuma ake samun masu kare wanda ake tuhuma, wasu suna duba kwangila, wasu suna zaune kusa da kwamanda a fagen daga suna ce masa wannan wurin doka ta yarda a kai masa hari wancan kuwa asibiti ne a bar shi, har ƙaramin soja mai son rubuta wasiyya wurinsu yake zuwa. In ka ce alƙali, mai karatu kotu kawai zai hango, ka zubar da fiye da rabin aikin kenan.

Ɗalibin Tarihi:
Tarihin ma bayan Barista yake. Ranar 29 ga Yulin 1775 majalisar 'yan neman 'yancin Amurka ta naɗa William Tudor ya zama na farko a wannan kujera, makonni kaɗan bayan George Washington ya karɓi ragamar runduna, saurayi ne ɗan shekara 25 da ya koyi aikin lauya a hannun John Adams. A lokacin aikin a cakuɗe yake, mutum ɗaya ne zai gabatar da ƙara kuma shi ne zai faɗa wa hafsoshin da ke zaman kotun abin da doka ta ce, to daga nan sunan ya samo kai biyu. Amma hukunci na hafsoshin ne. Ku duba Joseph Holt da Shugaba Lincoln ya naɗa kan kujerar a 1862, da aka kashe Lincoln a 1865 shi ne ya jagoranci gabatar da ƙara a kan waɗanda ake zargi da haɗa baki, hafsoshi tara ne suka yanke hukunci aka rataye mutum huɗu har da mace, Mary Surratt. Kaga ai wannan ba aikin alƙali ba ne.

Malama:
Ni tambayata ɗaya, wannan janar ɗin na ƙarshen sunan muƙamin soja ne ko irin na Antoni Janar da Akanta Janar? Don in irinsu ne me zai hana mu ce Antoni Janar na Soja mu huta, kunnen mutane ya saba da shi a rediyo.

Barista:
Irinsu ne Malama, ma'anarsa na gaba ɗaya, ko da yake a Amurka an yi dace mai riƙe da shi janar ne na gaske, a 2008 ma aka ɗaga kujerar zuwa laftanar janar mai tauraro uku don maganarsa ta yi nauyi a gaban manya. Matsalar Antoni Janar ita ce da ka faɗa mutanenmu minista za su gani, ɗan siyasa mai babbar riga da ya zo da gwamnati zai tafi da ita. Wannan kuwa hafsa ne da ya taso cikin kaki.

Ɗalibin Tarihi:
Bari in jefo wata tsohuwa ko za ta shiga. A Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, akwai ƙadil askar, wato alƙalin sojoji, tun zamanin Sarki Murad na ɗaya, daga baya a zamanin Muhammadul Fatih aka raba kujerar biyu, ɗaya na Rumeliya a ɓangaren Turai ɗaya na Anadol a ɓangaren Asiya. Me zai hana Alƙalin Askarawa?

Tsohon Kofur:
Hhhh ɗana kana faɗin askarawa yanzu kowa Zamfara zai tuna. Bar wannan a littafi.

Malama:
Kuma shi ƙadil askar ɗin alƙali ne na gaske mai yanke hukunci, mun koma gidan jiya kenan.

Mai Fassara:
To amma Barista akwai abin da ya ɗaure min kai, na ga an ce alƙalan kotun sojan ma daga cikin mutanensa suke fitowa, kuma ofishinsa na duba hukunci bayan an yanke. Wannan bai ba Baba gaskiya ba?

Barista:
Ya ba shi rabi, ba zan ɓoye ba. Tun dokar 1968 akwai alƙalan soja na sosai kuma shi ke zaɓo su daga lauyoyinsa, sai dai ba shi da ikon ya kira alƙali ya ce ga yadda za ka yanke. Shi kuwa duba hukuncin, da jini aka same shi wallahi. A 1917 an yi tarzoma a birnin Houston tsakanin sojoji baƙar fata da 'yan sanda da fararen gari bayan wulaƙancin wariya ya ishe su, mutane suka mutu, aka yi wa sojojin shari'a a dunƙule, ranar 11 ga Disamba da asuba aka rataye 13 a ɓoye ba tare da kowa a Washington ya buɗe takardun shari'ar ba, don dokar lokacin yaƙi ta ba kwamandan yankin wannan ikon. Abin ya tayar da ƙura har cikin ofishin kansa, Samuel Ansell da ke riƙon ƙwarya yana cewa dole ofishin ya samu ikon soke hukunci, maigidansa Enoch Crowder yana cewa doka ba ta ba su ba. A farkon 1918 aka fitar da umarni cewa ba a ƙara zartar da hukuncin kisa a cikin ƙasar sai ofishin ya duba. Duk da haka an ƙara rataye shida daga baya. Sai a 2023 rundunar ta soke hukuncin duka mutum 110 da aka samu da laifi. To kun ga aikinsa tsare doka ne a cikin gidan da aka gina kan bin umarni, shi ya sa nake cewa Babban Lauyan Soja, in ana son tantancewa a ce Babban Lauyan Sojan Ƙasa ko na Sama ko na Ruwa tunda kowace runduna da nata.

Tsohon Kofur:
Allah ya kyauta. To ni nawa sunan a zubar kenan?

Barista:
A'a Baba, naka yana da gida, Ingila. Can ma akwai mai wannan sunan tun 1666, amma a 1948 aka raba aikin, ba da shawara da gabatar da ƙara suka koma hannun lauyoyin runduna, shi kuma ya zama farar hula a ɓangaren alƙalai, yau shi ne shugaban alƙalan da ke zama a kotun soja. Shi kam Babban Alƙalin Kotun Soja ne ba musu. Suna ɗaya ne a Turance amma mu sai mun duba wace ƙasa ake magana kafin mu fassara.

Malama:
Na yarda da wannan rabon. Lauya ta daɗe da zama Hausa, har tsohuwa a ƙauye ta san shi. Sai dai a kula da jinsi don Allah, a 2013 mace ta hau kujerar a sojan ƙasan Amurka, Flora Darpino, kada wani ya rubuta min babban lauya a kanta. Babbar Lauyar Soja. Jam'i kuma Manyan Lauyoyin Soja.

Mai Fassara:
Madalla, na ɗauka. Na Amurka Babban Lauyan Soja, na Ingila Babban Alƙalin Kotun Soja. Na Najeriya fa Barista?

Barista:
Mu daraktan sashen shari'a muke da shi a rundunar sojan ƙasa, a bar shi da daraktansa kawai.

Tsohon Kofur:
Shikenan kun fi ni boko. Amma in kun gama ku nemo min Hausar provos, mai kama sojan da ya yi laifi, shi ne ya fi ba mu tsoro a bariki ba wani lauya ba.