Wace kalma za mu sa wa “sell-off” a Hausa?

'Yan uwa masu rubuta labarin kasuwanci, ina so mu tsayar da magana a kan kalma ɗaya. Duk ranar da kasuwannin hannun jari na duniya suka rikice, Turawa na cewa “sell-off”, mu kuma mu ce kasuwa ta faɗi, ko ta karye, ko ta durƙushe. Waɗannan duk abin da ya sami farashi suke faɗi. Ita kuwa kalmar, abin da mutane suka yi take nufi: masu hannun jari sun fito sayarwa lokaci guda, masu saye sun ja da baya, sai an rage kuɗi sosai ake samun mai ɗauka.

Shawarata ita ce mu ce rububin sayarwa.

Na san za a ce ai rububi na saye ne, kaya ake rububi in ya yi ƙaranci. Haka ne, shi ya sa na haɗa shi da sayarwa. Gaggawar nake so, da cunkoson, da tsoron kada a riga ka. Cefanarwa ta riga ta zauna a kan sayar da kamfanonin gwamnati, kuma a natse ake yin ta. Gwanjo kuwa zai sa mai sauraro ya ɗauka kamfanin ne ya mutu ake rabuwa da kayansa.

Ku dubi abin da ya faru a Japan. Ranar 31 ga Yuli 2024 Babban Bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 0.25 cikin ɗari. Kafin nan an daɗe ana ranto yen, kuɗin Japan, da arha ana sayen hannun jari da ita. Da yen ta ƙara daraja, bashin ya yi nauyi, dillalai suka fara neman masu bashi: ko ka ƙaro kuɗin jingina yau, ko mu sayar da abin da kake riƙe da shi. Ranar Litinin 5 ga Agusta ma'aunin Nikkei 225, mai nuna farashin hannun jarin manyan kamfanonin Japan, ya sauka da kashi 12.4 a yini ɗaya. Washegari ya hau da sama da kashi 10. Toyota ba ta daina ƙera mota tsakanin Litinin da Talata ba. Da yawa cikin masu sayarwar dole ce ta sa su.

Abin da ya sa na damu ke nan. Sabon mai zuba jari in ya ji an ce kasuwa ta rushe, ya buɗe wayarsa ya ga jarinsa ya ragu, hankalinsa zai tashi ya sayar, asarar da take a rubuce ta zama ta gaske. In ya ji rububi, zai iya tambaya: su wa ke sayarwa, me ya koro su, ni ma ya shafe ni? Wanda bai ci bashi ba, kuma ba zai buƙaci kuɗin nan kusa ba, babu dillalin da zai tilasta masa. A 2020, lokacin korona, ma'aunin S&P 500 na Amurka ya zube da kusan kashi 34 daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris, har sau huɗu aka dakatar da ciniki na minti 15 a watan Maris. Cikin Agusta ya koma inda yake.

Amma kada kalmar ta sa mu yi wa mutane alkawarin da ba mu da shi. Wani rububin yakan zarce ya zama babbar masifa. Daga 2007 zuwa 2009 S&P 500 ya rasa fiye da rabin darajarsa, bai dawo ba sai 2013. Nikkei ɗin nan ma, ƙololuwar da ya kai a ƙarshen 1989 bai sake ganinta ba sai Fabrairu 2024. Irin wannan nake so mu ajiye wa kalmar karyewar kasuwa, mu daina amfani da ita a kan saukar kwana biyu.

Masu karanta labarai a rediyo, ku gwada mana da baki: “An shiga rububin sayarwa a kasuwannin hannun jari na Asiya da Turai.” Tana shiga kunne, ko rige-rigen sayarwa ya fi muku sauƙin faɗi?