Talabijin ko monita? Abin da aka tafka a zauren 'yan kwamfuta na Gusau

Mai Buga Kati: Jama'a, masu sayar da monita sun daɗe suna cin kuɗinmu. Na ɗauko talabijin 4K inci 43 na jona wa kwamfutar shago. CorelDraw a gefe, katin biki a gefe, ba matse ido. Ga araha. Mai sayen monita inci 24 yanzu ra'ayi ne kawai.

Ɗan Tudun Wada: Araha? Nawa ka saye ta, Alhaji?

Mai Buga Kati: Wannan tsakanina da aljihuna ne.

Ɗan Tudun Wada: To ka janye kalmar. Arahar mai buga fastar 'yan siyasa daban take da tamu.

Malama Mai Taifin: Araha dai ba ta ado. Ƙanena ya yi wanga wayon, jan rubutu duk ya cuɗe, kansa ya dinga ciwo.

Mai Buga Kati: Malama, wace iri ya saya?

Malama Mai Taifin: Ban duba ba, babba ce dai.

Injiniya: Ku bari in yi bayani. 4K na nufin ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1920 da 1080 da muka saba. A inci 43 ɗigon ya ma ɗan fi na monita inci 24 mai 1920 da 1080 matsewa. Matsalar tana ga jonawa. Tsohuwar laftof mai HDMI 1.4, wato kafar da ake jona wayar hoto, sau 30 kaɗai take sabunta hoton 4K a daƙiƙa, shi ya sa maus ke jan ƙafa. Sai HDMI 2.0 ake samun 60. Jan rubutun da Malama ta ce kuma, talabijin ce ke rage bayanan kala, don an yi ta ne saboda fim. A shiga saitin talabijin a mayar da kafar HDMI ɗin zuwa PC, a samu 4:4:4, wato cikakkiyar kala ba ragi. Alhaji, kwamfutarka wace HDMI gare ta?

Ɗan Tudun Wada: Injiniya duk mun ji. Ni tambayata, araha ga wa?

Mai Sola: Ku lissafa wuta kafin ku ce araha. Inci 43 ta fi ƙaramar monita jan batir nesa ba kusa ba. In an ɗauke wuta da tsakar rana za ku neme ni.

Bakabe: Mu nan Birnin Kebbi tuni yara ke aiki da Hisense, ba wanda ya yi kuka.

Ɗan Tudun Wada: Ku tsaya ga shinkafa da kifin Argungu, ku bar mana kwamfuta.

Bakabe: Shinkafar ce ke riƙe da cikinka kake samun bakin magana.

Mai Gidan Kallo: Hisense kuma? LG ko a bari. Tawa ta ga wasan Arsenal har ta gaji, ko gezau.

Mai Sola: Ta ga baƙin ciki dai.

Mai Gidan Kallo: Kai da Man U ne za ka yi wa wani gori? Ka fara biyan kuɗin kallon da ake binka.

Mai Sola: A zaure za ka tona ni? To waye ya gyara maka inbata bashi?

Injiniya: Alhaji, har yanzu ba ka faɗi HDMI ɗin ba.

Mai Buga Kati: Ni dai tana kawo hoto.

Admin: Ya isa haka. A taƙaice, kowa ya yarda talabijin na ɓata rubutu, tana jan wuta, maus na jan ƙafa, kuma arahar ba ta tabbata ba tunda an ƙi faɗin kuɗi. Shi kansa Injiniya bai ce a saya ba. Mai son lafiyar idonsa ya nemi monita. Akwai tokumbo masu kyau, Dell da HP, a shagona, a same ni ta bayan fage.

Injiniya: Admin, ban ce haka ba fa.

Admin: An rufe maganar. Wanda ya ƙara zan cire shi.